Littattafan Bitar Jarrabawa A Makarantun Adar: Wa Ke Riba, Wa Ke Asara?

Da zarar watan Maris ya kama, zafi ya fara gasa duwatsun Adar, akwai wata kasuwa da takan buɗe a birnin Tawa wadda masu teburin littattafai da masu injin fotokofi na bakin makarantu ke ci. Hajarta ita ce littattafan nan da ƴan makaranta ke kira «annales», wato kundin tambayoyin jarrabawar shekarun baya tare da amsoshinsu, sai kuma ƴan takardun da malamai ke taƙaita darussansu a ciki, waɗanda aka fi sani da «fasikil». Daga ɗan aji huɗu na kwaleji mai shirin BEPC, zuwa ɗan ajin ƙarshe na lise Agabba mai jiran BAC, har ɗalibin Jami'ar Djibo Hamani da na makarantar horon malamai ta Kawusan, da wuya a buɗe jakar ɗalibi a wannan lokaci ba a tarar da ɗaya daga cikinsu ba. Kuɗin sayensu kuwa daga aljihun iyaye yake fitowa: ɗan kasuwa ya cire daga jarinsa, ma'aikaci ya yanka daga albashinsa, wani ma sai an jira saƙon ɗan uwa da ke neman kuɗi a Abijan. Tun da haka ne, haƙƙin mai biya ne ya san abin da yake saye.

Matsayin da hujja ta fi goyon baya shi ne wannan: littafin bita yana da amfani na gaske idan ya biyo bayan darasi, kuma malami ne ke riƙe da linzaminsa, yana da illa mai girma idan ya hau kujerar darasin kansa. Abin takaici, a makarantu da dama hali na biyun ne ya yi rinjaye, kuma akwai dalilan da suka kawo haka waɗanda ya kamata a faɗe su a fili, don ruwa ba ya tsami banza.

Duk wanda ya yi aikin gwamnati ko ya yi ɗawainiyar ɗalibi a shekarun 1990 ya san yadda makarantar boko ta jigata a Nijar. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 aka buɗe wa ɗalibai wuta a gadar Kennedy ta Yamai, uku suka rasa rayukansu. Bayan Babban Taron Ƙasa na 1991 aka shiga zamanin jam'iyyu da baitulmali a bushe: bashin albashi na watanni, yajin aikin malamai, ƙaurace wa aji na ɗalibai, har shekarar karatu ta tashi a banza fiye da sau ɗaya. Ana cikin haka, a watan Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 ya koma 100. Littattafan kwaleji da na lise, waɗanda galibinsu daga Faransa ake shigo da su, suka fi ƙarfin talaka. Daga ƙarshen waɗannan shekaru kuma aka koma ɗaukar malaman sa-kai, sannan na kwantaragi, da yawansu ba tare da isasshen horo ba. To, idan aji ya rasa littafi, shekara ta gajarce, malami kuma bai gama manhaja ba, me ya rage wa ɗalibin da jarrabawa ke jira a watan Yuni ko Yuli? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ta wannan tsaga ce «annales» da «fasikil» suka shigo, suka kuma zauna daram.

Alƙaluma sun nuna cewa tsagar ba ta toshe ba bayan wucewar waɗannan shekaru. Binciken PASEC na 2014 ya gano cewa cikin yaran Nijar da ke ajin ƙarshe na firamare, waɗanda suka kai mizanin da ake buƙata a karatu da lissafi ba su kai kashi 10 cikin 100 ba. A 2017, da gwamnati ta yi wa malaman kwantaragi na firamare gwaji, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka sami rabin maki. A 2021 kuwa, waɗanda suka ci BEPC da waɗanda suka ci BAC, kowane ɓangare bai kai kashi 25 cikin 100 ba. Uban da ya ga haka, ya kuma san ɗansa na cikin layi, ba za a zarge shi ba don ya ruga ya sayi duk littafin da aka ce masa a ciki nasara take.

Adalci ne a fara da alherin waɗannan littattafai, don suna da shi. Na farko, suna yaye wa jarrabawa mayafi. Ɗan babban ma'aikaci a Yamai yana da yayye da suka riga shi zama jarrabawar, yana da malamin gida, ya san yadda ake tsara tambaya da yadda ake raba maki tun kafin ya shiga ɗaki. Yaron da ya fito daga Takanamat, ko Barmu, ko Kalfu, ko Tabalak, wanda shi ne na farko a gidansu da ya kai wannan mataki, yana zaune a gidan wani a Tawa yana cin abin da ya samu, ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Kundin tsofaffin tambayoyi shi ne ke nuna masa siffar abin da zai tarar: tsawon tambaya, awannin da za a ba shi, da irin amsar da mai gyara ke nema. Wanda ya ce a hana shi wannan da sunan kare martabar ilimi, ya ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi ne kawai.

Na biyu, gwada kai da tambayoyi hanya ce ta koyo wadda masana suka tabbatar da ingancinta. A 2006 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu na Jami'ar Washington da ke Sen Luwis a Amurka, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, sun ba ɗalibai wani rubutu. Wasu suka yi ta maimaita karanta shi, wasu kuma suka karanta sau ɗaya, aka karɓe takardar, aka sa su rubuta abin da suka tuna har sau uku. Da aka gwada su bayan ƴan mintoci, masu maimaita karatu suka yi gaba; amma bayan mako guda, masu gwada kansu sun tuna kusan kashi 61 cikin 100, masu maimaitawa kuwa kashi 40. Almajirin da ke wanke allo ya kawo hadda a gaban malam ya daɗe da sanin wannan sirri. Sai dai a lura da sharaɗin: amfanin yana cikin wahalar da ƙwaƙwalwa ke sha wajen lalubo amsa da kanta, littafi a rufe. Ɗalibin da ya buɗe shafin tambaya da shafin amsa a lokaci guda, yana karantawa yana gyaɗa kai, yana cikin rukunin masu maimaitawa ne, ko da kuwa ya ɗauka bita yake yi.

Na uku, sabon malamin da aka tura kwalejin karkara ba tare da littafin jagora ba, ba kuma tsohon hannu kusa da zai tambaya, yakan gane zurfin da ake so darasi ya kai ta hanyar duba tambayoyin shekarun baya. Wannan ma ba ƙaramin abu ba ne a jaha mai faɗin Tawa, inda mai duba malamai kan daɗe bai leƙa wata makarantar ba.

Illar kuwa takan fara ne ranar da malami ya juya tsarin, ya sa ƙarshe a farko. Maimakon ya koyar da babi, ya tabbata an fahimta, sannan ya kawo tsohuwar tambaya a gwada, sai ya shigo aji da amsar da aka riga aka tsara, ya yi shifta, ɗalibai su kwafe, su haddace. Babin da aka lura bai cika fitowa a jarrabawa ba sai a tsallake shi, ko da kuwa shi ne tushen abin da za a karanta baɗi. A darasin falsafa ana haddace gabatarwa da kammalawa sukutum, a zuba su a kan kowace tambaya, ta dace ko ba ta dace ba. A lissafi ana haddace matakan warware matsala ba a san dalilin ko ɗaya ba, ta yadda idan mai tambaya ya canja harafi ɗaya ko ya juya tambayar, sai alƙalami ya tsaya cik. Ɗalibin na iya tsallakewa da sa'a, amma ya fita da takarda a hannu, kai wayam.

Mutanen Adar ba baƙin wannan muhawara ba ne, don zaurukan malamansu sun san taƙaitaccen littafi tun kafin zuwan boko. Ƙasar da ake danganta Malam Jibrila ɗan Umaru da ita, malamin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ta san Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, ta kuma san Muhtasar na Halil, wanda saboda tsananin taƙaitawarsa ba a shigarsa sai da sharhi. Amma babu malamin kirki da zai miƙa wa ɗalibi Muhtasar ya ce je ka haddace ka zama alƙali. Ana zama ne gaban malam, a karanta layi, ya fassara, ya warware, ya kawo misali, a yi tambaya, kafin a matsa gaba. Duk da wannan kiyayewa, Ibn Haldun, wanda ya rubuta Muƙaddima a 1377, ya keɓe fasali guda yana gargaɗin cewa yawan taƙaitattun littattafai na cutar da koyarwa, domin suna jefa wa mai fara karatu sakamakon ilimi kafin ya shirya karɓarsa, su kuma shagaltar da shi da warware dunƙulallun kalmomi a maimakon samun gwaninta. Shekaru fiye da 600 ke nan, amma kamar yana kallon jakar ɗan lise na yau.

A jami'a lamarin ya fi nauyi. An kafa Jami'ar Tawa a 2010, tare da ta Maraɗi da ta Damagaram, domin ɗan jaha ya daina tafiyar kilomita sama da 500 zuwa Yamai neman ilimi mai zurfi. A nan ake horar da masana shari'a, da na tattalin arziki da gudanarwa, da na ilimin koyarwa. Waɗannan su ne gobe za su riƙe littafin kuɗin ɗan kasuwa, su tsara kasafin ƙaramar hukuma, su zauna a kotu, su horar da malaman da za su koyar da jikoki. Manufar tsarin LMD da jami'o'in yankin suka runguma ita ce ɗalibi ya yi kaso mai yawa na aikin da kansa: ya shiga laburare, ya kwatanta marubuta, ya yi bincike. Idan duk wannan ya ƙanƙance ya koma shafi talatin na «fasikil» da za a haddace daren jarrabawa a manta da safe, to sunan tsarin kawai aka ɗauko. Ɗan kasuwar da ya ɗauki mai digiri aiki, ya miƙa masa lissafin buhunan albasar Galmi da aka tura Abijan, da kuɗin mota, da na kwastan, da abin da ya ruɓe a hanya, ya ce a fitar masa da riba, ba zai sami wannan tambaya a cikin kowane kundi ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Akwai kuma wata ɓarna da ta fi wannan muni, wadda ya kamata a yi wa shinge tun da wuri, wato mayar da taƙaitaccen darasi haja ta dole. Maƙwabta sun riga sun ɗanɗana. A jami'o'i da kwalejojin Nijeriya, sayar da irin waɗannan takardu, da suke kira handawut, ya kai matsayin da wasu malamai ke rubuta sunan wanda ya saya, wanda bai saya ba kuwa ya san makomarsa, har hukumomin jami'o'i da yawa suka haramta cinikin. Duk inda mai koyarwa, da mai sayar da littafi, da mai tsara tambaya, da mai ba da maki suka zama mutum ɗaya, an buɗe ƙofar zalunci, ko da mutumin nan waliyyi ne. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Gaskiya ne malamin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata yana da uzurin neman ƙari, kuma wanda ya yi wahalar rubuta littafi mai kyau ya cancanci ladan guminsa. Amma wurin biyan wannan haƙƙi shi ne baitulmali da kantin littattafai, inda mai so ya saya, marar so ya wuce.

Sai batun abin da ke cikin littattafan. Wasu daga Faransa suke zuwa, an tsara su bisa manhajar can. Wasu daga ƙasashen maƙwabta. Wasu kuma an yi ta kwafarsu hannu zuwa hannu, yanzu har ta WhatsApp, babu sunan marubuci, babu wanda ya duba, kuskure na haihuwar kuskure. Ɗalibin da ya haddace amsar da ba daidai ba ya fi wanda bai karanta ba shiga uku, don shi yana da yaƙini. Ban da haka, kundin tsofaffin tambayoyi bayansa yake kallo: abin da ba a taɓa tambaya ba, ba ya ciki. Jami'ar Tawa na ɗauke da sunan Farfesa Djibo Hamani, wanda ya rubuta tarihin Adar kafin zuwan Turawa. Lise mafi suna a garin na ɗauke da sunan Agabba, ɗan Sarkin Agadas da ya ci Adar a 1674. Ɗalibai nawa ne ke wucewa ta ƙarƙashin waɗannan sunaye kullum ba su san ko su wane ne ba, saboda ba a sa ran fitowarsu a jarrabawa? Aikin farfaɗo da ƙasa na Keita, wanda aka fara a 1984 da taimakon Italiya da hukumar FAO, inda matan Adar suka ɗauki duwatsu a ka suka tare zaizayar ƙasa, darasi ne na labarin ƙasa da tattalin arziki da gudanarwa da masana ke zuwa daga nesa su nazarta. Ɗalibin da ke zaune kusa da shi kuwa yana can yana haddar amsa a kan kogin da bai taɓa gani ba.

Masu kare halin da ake ciki sukan ce: aji mai ɗalibai tamanin ko ɗari, littafi babu, lokaci babu, me ake so malam ya yi? Da babu gara ba daɗi. Wannan magana tana da nauyi, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa gaban irin wannan aji ba zai raina ta ba. Amma maganin wucin gadi da aka shekara talatin ana sha ya zama abinci, kuma illarsa ita ce yana ɓoye ciwon. Muddin «fasikil» na toshe ramin, babu mai jin tilas ya sayi littattafai, ko ya cika laburare, ko ya kiyaye kwanakin karatu. Ƙasar Sin ta yi ƙarnuka tana zaɓen ma'aikatanta ta hanyar jarrabawar da ta rikiɗe ta zama haddar tsararrun amsoshi, masu buga littattafan samfuri suna cin kasuwa, har aka soke tsarin a 1905 bayan an ga masu cin ta ba su da amsar matsalolin zamaninsu. Jarrabawa ita ce akalar makaranta. Inda ta nufa, nan malami da ɗalibi da mai fotokofi za su bi.

Saboda haka gyaran daga masu tsara jarrabawa zai fara. Idan tambayoyi suka daina maimaita kansu, aka riƙa ba ɗalibi matsalar da bai taɓa gani ba amma wadda darasinsa ya isa ya warware, hadda za ta daina biya, littafin bita kuma zai koma matsayinsa na filin atisaye. Na biyu, ma'aikatun ilimi da ofishin BAC su riƙa fitar da tambayoyin kowace shekara da ingantattun amsoshi da yadda aka raba maki, cibiyar INDRAP ta tace su, a aika kowace makaranta kyauta ko a kan kuɗin bugawa, daga Ƙonni har Tasara. Abin da aka tsara da kuɗin jama'a bai kamata ya zama sirrin da ake sayar wa jama'a ba. Na uku, jami'a da sauran manyan makarantu su kafa doka a rubuce: duk taƙaitaccen darasi a ajiye shi a laburare da ofishin sashe inda kowa zai iya kwafa, a haramta wa malami karɓar kuɗi daga hannun ɗalibin da zai ba maki, a kuma buɗe hanyar kai ƙara wadda ba za ta jefa mai ƙara cikin hatsari ba.

Malamai kuma suna da nasu kason, wanda ba ya buƙatar ko dala. A ajiye kundin tambayoyi sai an gama babi. A ba da tambaya a aji, littafi a rufe, a ƙayyade lokaci kamar ranar jarrabawa. Bayan nan a buɗe amsar littafin a tattauna ta, a nemi inda ta gaza, a tambayi wanda ya bi wata hanya dabam ya zo allo ya nuna. Idan wata ma'ana ta cije da Faransanci, a warware ta da Hausa ko Tamajak ko Fulatanci har ta zauna, sannan a koma harshen jarrabawa. Tun da dokar ƙasa ta 2025 ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, babu sauran dalilin jin kunyar haka. Tun 1964 Abdu Mumuni, wanda Jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya yi kira a littafinsa kan ilimi a Afirka da a ba harsunan gida gurbinsu a makaranta.

Iyaye su ma kada su tsaya a biyan kuɗi. Uban da bai yi boko ba yana iya karɓe littafin daga hannun ɗansa, ya rufe, ya ce: bayyana mini abin da ka karanta da bakinka. Wanda ya fahimta zai iya, wanda ya haddace zai yi ta inda-inda. Ƙungiyoyin iyayen ɗalibai su tambayi shugabannin makarantu babi nawa aka gama kafin a shiga bita. Attajiran Adar kuwa, na gida da na Abijan da sauran wurare, waɗanda ba a san su da rowa ba wajen gina masallatai da haƙa rijiyoyi, su tuna cewa laburare mai littattafai na gaske a kwalejin garinsu shi ma sadaka ce mai gudana, kuma su ne farkon masu cin moriyarta ranar da suka nemi amintaccen mai lissafi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗalibin da aka koyar da shi tun daga Oktoba, littafin bita zai ƙara masa kaifi a watan Mayu. Wanda aka bari babu darasi, ko an jibga masa kundi goma, takarda kawai zai ɗauka. Hukumomin ilimi na jahar Tawa da shugabannin jami'a suna da ikon fara wannan gyara tun daga shekarar karatu mai zuwa, ba sai sun jira Yamai ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Allah ya ba masu iko ikon gyarawa, ya kuma ba ƴaƴan talakawa ilimi mai amfani.